TSAKANIN KUNU DA GIYA: INA IYAKAR TAKE?

Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa na Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, haramcin giya ba abu ne da yake buƙatar doguwar lacca a wannan yanki ba. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun yanke magana, kuma tun lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, aka hana sayar da giya a fili a Jihar Zamfara. Abin da ya rage da duhu shi ne sanin ita kanta giyar: da me ake yin ta, kuma a wane lokaci ne halal yake rikiɗa ya zama haram? Malaman Usul sun ce yanke hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtar haƙiƙaninsa ne. Don haka kada wani ya yi mamaki idan ya ji mun shiga bayanin yadda ake dafa ta.

Ƙwayar hatsi cike take da gari, shi kuwa gari ba ya zama giya kai tsaye, sai ya fara zama sukari. Wannan ne ya sa mai dafa burkutu take jiƙa dawa, ta shanya ta a inuwa ta rufe, tana yayyafa mata ruwa na 'yan kwanaki har ta yi tsiro. Da ƙwaya ta fara tsiro sai ta fitar da wasu sinadarai masu narkar da garinta ya koma zaƙi, domin shi ne abincin da Allah Ya tanadar wa ɗan tsiron. Daga nan a busar, a niƙa, a dama, a dafa, a tace. Har zuwa wannan mataki babu maye a cikin tukunya ko kaɗan. Ruwa ne mai zaƙi kawai. Sai an zuba masa yis, ko ɗigon tsohuwar giya, ko an juye shi a tukunyar da ta saba, sa'annan waɗannan ƙananan halittu da ido ba ya gani su cinye sukarin, su fitar da abu biyu: iska, wadda ita ce kumfar da ke tasowa, da kuma barasa, wadda ita ce mai gusar da hankali. Masani Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar da cewa wannan aiki na rayayyun halittu ne tun a wajajen 1857.

Baƙar giyar kwalba ma, wadda ake ruɗin matasa da ita, hanyarta ke nan. Bambancin kawai shi ne Turawa da sha'ir suke yin tasu, sukan gasa wani kaso nasa har ya yi baƙi ya yi ƙauri kamar yadda ake gasa kofi, su kuma jefa furen wani tsiro mai suna hops a lokacin dahuwa domin ya ba ta ɗaci ya hana ta saurin lalacewa. Baƙinta daga ƙonannen hatsi yake. Saboda haka maganar da ake yaɗawa cewa wai tana ƙara jini, har a riƙa ba marar lafiya ita gauraye da madara, ba ta da tushe. Hasali ma Guinness ɗin da ake yi a Nijeriya tana ɗauke da barasa kashi 7.5 cikin 100, wato ta fi yawancin farar giyar kwalba ƙarfi. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙ bin Suwaid (RA) ya nemi izinin yin giya don magani, Manzon Allah (SAW) ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce.

Akwai masu shubuhar cewa khamru na inabi ne, burkutu kuwa abinci ne tunda da dawa aka yi shi. Wannan tambaya an riga an yi ta a Madina. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da aka aiki Abu Musa al-Ash'ari da Mu'azu bin Jabal (RA) zuwa Yaman, Abu Musa ya yi tambaya game da abin sha iri biyu na mutanen can: bit'u, wanda ake yi da zuma, da mizru, wanda ake yi da hatsi. A ruwayar Muslim an ambaci zura a fili, ita ce dawa. Amsar da aka ba shi ta haramta duk wani abu mai sa maye, ba tare da duba asalinsa ba. To mizru ai shi ne burkutu, sunan ne kawai ya canza. Sayyidina Umar (RA) ma ya lissafa alkama da sha'ir a kan mimbari cikin abubuwan da ake yin khamru da su. Mun san cewa malaman Kufa sun yi sassauci game da ɗan kaɗan na abin da ba na inabi ba, amma jamhur, cikinsu har da Imam Malik, sun saɓa musu, kuma nassi yana tare da jamhur.

Yanzu sai mu dawo cikin gidajenmu, domin nan ne mas'alar ta fi shafar mu. Iyayenmu mata da ke yin kunun zaƙi sukan sa tsiro ko dankali don ya yi zaƙi. Wato rabin farko na aikin iri ɗaya ne da na mai burkutu, kuma babu laifi a cikinsa ko ƙwayar zarra. Haka nan tsamin da ke cikin koko da nono da furar da ta kwana, wasu ƙwayoyin halitta ne dabam suke kawo shi, ba ya sa maye ko mutum ya sha cikin ƙwarya. Muna jaddada wannan saboda wasu ɗalibai masu zafin kai sun fara kallon duk abu mai tsami da idon tuhuma, alhali haramta halal ba tsantseni ba ne, shisshigi ne. Illar hukuncin ita ce maye. Ma'anar hadisin da ya haramta kaɗan na abin da mai yawansa ke bugarwa ita ce a dubi abin shan kansa: idan an sha shi da yawa zai bugar? In amsar a'a ce, halal ne.

Sai dai zaƙi da zafi da lokaci idan suka haɗu, yis ba ya jiran a gayyace shi, domin yana nan a iska da jikin mazubi. Ibn Abbas (RA) ya ba da labari, kamar yadda Muslim ya fitar, cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma ba a ajiye shi. Kwana ukun nan ba lasisi ba ne. A zafin bazara na Shinkafi da Zurmi, lokacin da ma'auni ke haura 40, kunun da aka ɗura a gorar roba aka toshe yana iya juyawa tun kafin haka. Alamominsa a bayyane suke: gora ta kumbura, ta yi tsaki idan an buɗe, kumfa ta riƙa tasowa da kanta, wari ya sauya, ya riƙa cizon harshe. Idan waɗannan suka bayyana, zubarwa ake yi, ba a ƙara masa sukari a mayar da shi kasuwa. Hukuncin ya haɗa da tsimin da mata ke ajiyewa makonni da rake ko mazarƙwaila a ciki. Sunan magani ba ya tsarkake shi.

Ku dubi hikimar da ke cikin hadisin tawagar Abdul Ƙais, waɗanda aka hana su yin jiƙo a cikin gora da kututturen da aka fafe da tulun da aka shafe da kwalta. Irin waɗannan mazubai suna gaggauta juyawar abin sha. Daga baya an ɗage hanin, kamar yadda ya zo a hadisin Buraida (RA), amma Imam Malik ya ci gaba da karhanta jiƙo a gora da abin da aka shafe da kwalta. Darasin mai sayar da kunu a nan shi ne wanke mazubi sarai a kullum, da rashin zuba sabo a kan tsoho.

Saura manomi. A shekarar 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya suka koma ga dawa da masara, kuma har bayan ɗage hanin ba su saki dawa ba. Ke nan kaura da farafara da ake nomawa a Arewa, wani kaso nasu can yake ƙarewa. Ita wannan dawa kuwa, a shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, da yawan mutane sai sun sayar da rai suke kawo ta gida. Hadisin Tirmizi da Ibn Majah ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta da mai dakonta da mai cin kuɗinta, kuma malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Dawa tana ɗaukar wannan hukunci.

Amma a lura da ƙaidin, shi ne sani ko rinjayen zato. Wanda ya kai buhunsa kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ɗan kasuwa ya saya ya loda a mota, babu komai a kansa, kuma ba a ɗora masa binciken inda motar za ta sauke ba, domin asalin dawa tuwo ce da kunu. Wanda kuwa dillali ya zo masa da tayi mai tsoka, ya faɗa masa ƙarara cewa kamfanin giya yake tara wa, ko matar da kowa ya san sana'arta ta aiko a auna mata tiya ashirin ta jar dawa, wannan ya sani, kuma ƙarin farashin ba ya halatta masa cinikin. Idan dillalin ya ce na lemon malt ne marar barasa, kuma babu wata alama da ke ƙaryata shi, sai a ɗauki maganarsa a kan zahirinta, a sayar masa.