HADARI BA YA ZUWA A ƁOYE: YADDA GARGAƊI ZAI ISA KOWANE GIDA

Jawabin da malamin lakwal ɗin garinmu ya gabatar a taron shekara na ƙungiya, gaban dattawa da ƴan cin rani

 

Maigari, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu dattawa maza da mata, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwa da kuka taso daga Kano, Legas, Yamai, Agadas da sauran wuraren neman abinci, sannunku da hanya.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana a kan hasashen yanayi da gargaɗin bala'i, watau yadda ake sanin ruwa, fari ko iska tun kafin su iso, da yadda labarin zai kai kunnen mai gona da mai ɗaki. A gaban waɗanda suka yi damina 70 ni yaro ne. Abin da zan kawo shi ne abin da ke cikin takardu, ku kuma ku auna shi da abin da idonku ya gani.

1. ABIN DA YA WUCE

Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba, yunwar 1913 da 1914. Da yawa cikinku sun ga farin 1973 da 1974, sun ga ciwon da ya kashe gyaɗa a 1975, sun kuma ga yunwar 1984 wadda ake kira El Buhari, lokacin da aka rufe iyaka hatsi ya daina shigowa. A 2005 ma an sha wuya. Shi ya sa in an ce bala'i, hankalinmu sai ya tafi ga rashin ruwa.

To amma yanzu ruwan kansa yana kisa. A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum wajen miliyan 1 da rabi a Nijar, kusan mutum 400 suka rasu. Ranar 3 ga Satumba na wannan shekara tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya fiye da shekara 150, ya faɗi. Komawa lakwal da aka sa ranar 2 ga Oktoba sai da aka ɗaga ta zuwa 28 ga wata, don mutanen da gidajensu suka rushe suna kwana cikin azuzuwa. Ku lura da abu ɗaya: waɗanda gini ya faɗa wa sun fi waɗanda ruwa ya ci yawa. Ke nan ɗakin da mutum ya shiga don ya ɓuya, shi ya zama ajalinsa.

Masana sun duba hotunan tauraron ɗan Adam na shekara 35, suka buga sakamako a 2017: manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 daga 1982. Ruwan da a dā zai zo cikin mako biyu, yanzu yana iya zuba dare ɗaya. Mu mutanen Magarya da Dungas muna cikin wuraren da suka fi samun ruwa a jihar Damagaram, mun kuma yi yawa a ƙasa kaɗan. A fadamun Korama ruwan ƙasa kusa yake, in an yi marka sai ya taso ya jiƙa gindin bango daga ƙasa. Abin ya shafe mu kai tsaye.

2. SU WA KE HASASHE, MI SUKE CEWA

A Yamai akwai hukumar meteyo ta ƙasa. Akwai kuma cibiyar AGRHYMET, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban fari. Kowace shekara wajen ƙarshen Afrilu masanan Afirka ta Yamma suna haɗuwa su fitar da hasashen damina. Suna duba zafin ruwan teku, don daga teku iskar damina ke ɗauko laima ta kawo mana. A taronsu na Afrilu 2024 a Abuja sun ce daminar za ta yi ruwa fiye da yadda aka saba. Maganar ta fita wata 4 kafin masallacin Birni ya faɗi. Gida nawa ne a nan suka ji ta?

Hasashe iri 3 ne. Na farko na damina duka: ko za ta fara da wuri ko a makare, ko za a yi dogon tsaiko bayan shuka, ko ruwan zai yi yawa ko kaɗan. Na biyu na kwana 10, wanda ke bin halin gonaki da ƙwari. Na uku na yau da gobe, wanda ake ji a Muryar Sahel da gidajen radiyon karkara.

Nan ne nake roƙon ku buɗe kunne, don nan ake yawan saɓani. In sun ce “fiye da yadda aka saba”, suna gwada daminar da matsakaicin shekara 30, daga 1991 zuwa 2020. Kuma da kashi suke magana. Misali su ce: cikin 100, kashi 50 ruwa zai yi yawa, kashi 30 daidai, kashi 20 kaɗan. Wannan kamar dillalin da ya san kasuwar Maigatari ne ya ce maka shanu za su yi tsada ranar Alhamis. Wani lokaci kasuwa takan saɓa masa, amma wanda ke bin maganarsa shekara da shekaru ya fi wanda ke tafiya da ka riba. Haka kuma hasashen damina na yanki ne mai faɗi. Ana iya yin ruwa a Bande, Washa ta kwana a bushe, duk cikin hasashe ɗaya. In an yi gargaɗi ruwan bai zo ba, an yi asarar barcin dare ɗaya. In ya zo ba a yi gargaɗi ba, asarar ba ta da diyya.

Wasu sukan ce wannan shiga ikon Allah ne. Malam Liman ya fi ni sanin amsa. Abin da na sani shi ne Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, da ya san shekarun yunwa na tafe sai ya sa aka cika rumbuna. Kuma ku dattawa, da kuka ga shamuwa ta sauka, gawo ya zubar da ganye, iska ta juyo daga yamma maso kudu, ai kun ce a fito da iri. Malamai masu lissafin taurari su ma suna ƙidayar kwanakin damina. Duk karatun alamu ne, mai saukar da ruwa Allah ne. Ilimin meteyo ya fi namu hangen nesa, namu ya fi nasu sanin gona da gona. A haɗa su.

3. MA'AUNIN RUWA DA SHUKA

Kuna jin radiyo na cewa an yi milimeta kaza. Milimeta 1 shi ne lita 1 a kan fili mai tsawon meta 1 da faɗin meta 1. Ruwan milimeta 20 a gona mai hekta 1 lita 200,000 ne, watau tano 1,000 mai lita 200. Ƙa'idar da masana noma suka fitar don shukar hatsi ita ce: a samu milimeta 20 cikin kwana 3, kuma kada tsaikon da ya wuce kwana 7 ya biyo baya cikin watan. Rabin farko ma'aunin ruwa ke faɗa, rabi na biyu hasashe ke faɗa. Wanda ya zuba irinsa duka da yayyafin farko, ko ya yi binne da duk abin da ke hannunsa, in tsaiko ya zo sai ya koma kasuwa sayen iri da tsada. In an ce damina za ta makara ko ta ɗauke da wuri, a nemi iri mai saurin nuna kamar HKP, a ƙara wake. In an ce ruwa zai yi yawa, mai gonar kwari ya san abin da zai shuka a can, ya kai hatsinsa jigawa.

4. INDA SARƘAR KE TSINKEWA

Gwamnati ta kafa tsarin gargaɗin gaggawa, SAP, tun 1989, kuma a garuruwa da dama an kafa kwamitocin ƙauye da ake kira SCAP-RU. Labarin yana fita daga Yamai, ya zo Damagaram, ya zo ofishin perfe da meri. Daga nan zuwa ɗakin tsohuwa da ke bakin tabki ne tafiyar ke wuya. Takardar da Faransanci take, mai salular yana Legas, radiyon ba batir.

Ku ji abin da wata ƙasa ta yi. A Bangaladash guguwar teku ta 1970 ta kashe mutum aƙalla 300,000. Bayan haka suka horar da dubban ƴan sa kai a ƙauyuka, suka ba su lasifika da keke, suka gina wuraren fakewa. Da wata babbar guguwa ta zo a 2007, waɗanda suka rasu ba su kai 5,000 ba. Talakawa ne kamarmu. Abin da ya cece su mutum ne da ke buga ƙofa. Mu ma muna da sankira, muna da lasifikar masallaci, muna da maroƙa da makaɗa. Kayan aikin suna nan.

5. ABIN DA NAKE ROƘON TARO YA YANKE

Na ɗaya, a naɗa mutum 7 masu kula da gargaɗi, 3 daga ciki mata, don da rana mata da yara ne ke gida. Su ne za su riƙe alaƙa da meri da malamin gona.

Na biyu, a sayi ma'aunin ruwa a kafa a filin lakwal. Ni da yaran babban aji mun ɗauki nauyin karanta shi kowace safiya, mu rubuta a allo a ƙofar maigari. A lokacin hutu ma za mu raba kwanaki.

Na uku, ƴan cin rani, ku ne kuka fi mu salula mai intanet. Duk wanda ya ga sanarwar meteyo ya juya ta Hausa da muryarsa, ya aiko ta WhatsApp ga kwamiti. Waɗanda ke Najeriya ku saurari abin da hukumar NiMet ta ce a kan Babura, Maigatari da Baure, don hadari bai san iyakar Tinkim ba. Amma ku faɗi inda kuka ji da ranar da aka faɗa. Tsohon bidiyon ambaliyar wata ƙasa in ya yawaita, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo ba mai tashi.

Na huɗu, gargaɗi ya zama gajere, ya ƙunshi abu 3: mi ke zuwa, yaushe, mi za a yi. Misali: “Ruwa mai yawa daren yau. Masu ɗakin da ya tsage su kwana a lakwal. A kwance dabbobin da ke kwari.”

Na biyar, kafin watan Yuni kwamiti ya zaga gari ya rubuta ɗakunan da suka tsage da gidajen da ke hanyar ruwa, da tsofaffi da marasa lafiya da ba su iya gudu, a sa wa kowannensu saurayin da zai ɗauke shi. A yi gayya a yashe magudanai, a gyara indararo, a yi yaɓe. Masu aiko kuɗin gini, ku tambayi inda za a kafa harsashi. Filin da ya bushe a shekarun fari ba lalle ne wurin gini ba, dattawa sun san inda ruwa ke kwana a dā.

Na shida, a koya wa yara da makiyaya kada su fake ƙarƙashin itace guda a fili lokacin tsawa, kada kuma su ratsa korama tana gudu. Bayan ruwa sauro ke biyo baya: a kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 a damina.

Na bakwai, kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya ba da jaka 1 a shekara, na gida kuma tiya 1 ta hatsi da kaka. Da shi za a sayi lasifikar hannu, tamfol da irin ajiya. Ma'aji ya karanta lissafi a taro mai zuwa.

Iyayenmu, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga abin da ya faru a 2024. Ina roƙon kada a watse yau sai an kira sunayen mutum 7 ɗin nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ruwa da iska, ya mai da matafiyanmu lafiya.