Kula da Ƙafafun Doki Bayan Hawa



A shekarar 2024 Hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Abin alfahari ne. Amma hawan nan a kan ƙafa huɗu yake tsaye, kuma dokin da ya fita ran Salla, ya yi Hawan Daushe, ya yi na Nassarawa, yana sukuwa bisa kwalta ɗauke da kaya masu nauyi, ya ci a duba ƙafarsa. Tun da can sarakunanmu sun san haka, shi ya sa suka naɗa Shamaki ya kula da barga.

Ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Daga gwiwa zuwa kofato babu tsoka, sai ƙashi da jijiyoyi da fata. In doki ya yi gudu mai tsanani, jijiyoyin nan na bayan ƙwauri sukan ɗau zafi, wani lokaci su kumbura. Jijiyar da ta yage kuwa takan ɗauki watanni kafin ta warke, wata ma ba ta komawa daidai.

To, mene ne abin yi? Da an sauke sirdi, sai a zaga da dokin a hankali har numfashinsa ya daidaita. Sa'an nan a bi ƙafafun da hannu, ana gwada dama da hagu, ko akwai zafi, ko kumburi, ko wurin da yake janye ƙafa in an taɓa. Bayan haka a yi ta kwarara ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20. Wannan yana sauke zafi sosai.

Daga nan ne yumɓu ke shigowa. Akan kwaɓa shi da ruwa, a shafe ƙwaurin da kauri, a rufe da jiƙaƙƙiyar takarda don kada ya bushe da wuri, a wanke da safe. Sanyinsa na ɗan lokaci ne, muddin yana da danshi. Kada kuma a sa shi a kan rauni, domin ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a ƙasa take zama, doki kuwa yana cikin dabbobin da ta fi kamawa.

Ɗauri shi ne mai hatsari. A fara sa auduga mai kauri, sa'an nan a naɗa bandeji daidai wa daida, ba tattara, ba matsewa. Ɗaurin da ya matse yakan toshe jini, ya lalata jijiyar da ake son kārewa. A ɗaure ƙafa biyu tare, a kwance bayan awa 12 a sake dubawa.

Jama'a, abin da nake so ku riƙe shi ne, yumɓu da bandeji ba sa ɗinke jijiya. Suna rage kumburi, har su ɓoye ciwo, mai doki ya zaci lafiya ta samu, ya sake hawa. In gari ya waye ƙafa na da zafi, ko doki na ɗingishi, to, a haƙura da hawan ranar, a nemo likitan dabbobi. Rashin hawa ɗaya ya fi rashin doki sauƙi.