An fidda ka daga gasar bebi-fut, sai me?

 

Ina ganin fuskokin da yawa daga cikin waɗanda aka fidda tun zagayen farko na gasar kartiye, kuma maganganun da ake yi a fadodi sun iso kunnena. Wai teburin ya karkace, wai alƙali ɗan unguwarsu ne. Wasu ma sun ce sun bar wasan ke nan. To yau da su nake so in yi magana.

Wannan teburi da muke kewayewa a ƙofar shago yana da hukuma ta duniya, ITSF, wadda aka kafa a 2002, mazauninta a birnin Nant na Faransa. Tana da dokoki a rubuce, kuma ba su yi kama da na bakin titi ba. Wulwula sanda, abin nan da ake ce ma rulet, haramun ne: sanda ba ta wuce zagaye guda cikakke kafin ta bugi ƙwallo ko bayan ta buge shi. Ƙwallo ba ya wuce sakan 10 a hannun ƴan tsakiya, sakan 15 a sauran sanduna. Cin da ɗan tsakiya ya yi kuma ci ne, babu zancen a ajiye shi gefe kamar yadda wasu suka saba. Kenan mutum zai iya zama sarki a fadarsu shekara biyar, ranar da ya shiga gasa mai bin waɗannan dokoki a karɓe mishi rabin makamansa tun kafin a fara. Ba hannunsa ne ya mutu ba, wani wasa daban ya iske.

Sannan ku duba gajartar abin. Ci biyar, an gama. Ƙwallo ɗaya ya bugi bango ya faɗa gidanka, kashi ɗaya cikin biyar na wasan ya tafi. Wanda aka ci 5 da 4 bai koyi komai game da matsayinsa ba daga sakamakon kaɗai. Wanda aka ci 5 da 1 sau biyu a jere, shi kam akwai magana, kuma galibi maganar a tsakiya take.

A nan nake so mu daɗe. A dokar gasa, duk wanda aka ci shi ke sake fara wasa daga sandar tsakiya, mai mutum biyar. Wace hannu ke riƙe wannan sanda? Hagu. Mu kuwa duk ƙarfinmu da kurinmu a dama suke, a sandar gaba mai mutum uku, inda ake bugun da ke sa ƴan kallo ihu. Amma ƙwallo ba ya zuwa gaba da kansa, sai hagu ta kai shi. In abokin karawarka yana miƙa ƙwallo daga tsakiya zuwa gaba sau bakwai cikin goma, kai kana yi sau uku, ya samu damar bugu fiye da ninki biyu na taka. Ko bugunka ya fi nashi kyau, lissafi ya riga ya kayar da kai. Don haka in kana da minti talatin na atisaye, ba hagu ashirin. Miƙawa ta jikin bango, miƙawa ta tsakanin mutane, ka maimaita har abin ya gundure ka, ka ci gaba.

A gaba kuma, bugu ɗaya ya isa. Ɗaya, amma wanda za ka iya aikawa dama, hagu da tsakiya daga wuri guda ba tare da mai tsaron gida ya karanta hannunka ba. A teburin Bonzini na Faransa an fi danne ƙwallo ƙarƙashin ƙafar ɗan wasa a ja shi gefe a buga. A Tornado na Amurka da yawa suna ɗora wuyan hannu kan mariƙi su mirgina. Kowane teburi da halinsa. Abin da ya ɗaukaka Firederik Kolinyon ɗan ƙasar Beljiyam, wanda ya lashe kambin duniya sau da dama, shi ne yana cin gasa a kan tebura iri daban-daban. Wanda ya ce teburin gasa ya karkace, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma a kan shi ɗin abokin karawarsa ya buga. Ku fita kartiyenku, ku je ku sha kashi a teburin wasu tun kafin ranar gasa.

Ku yi amfani da wayoyinku. A ɗauki wasa a bidiyo, a zauna da shayi a ƙirga: miƙawa nawa ta wuce, bugu nawa ya shiga. Burinka na wata mai zuwa ya zama uku cikin goma ta koma biyar. Kofi ba a hannunka kaɗai yake ba, wannan lamba kuwa a hannunka take, kuma ganin tana hawa shi ke maido mutum gaban teburi washegari.

Abubuwa biyu na kashe ci gaba, kun san su. Na farko zagin abokin wasa. In kana gaba ka kasa ci sau shida, kada ka juyo kan mai tsaron gida don an ci shi ɗaya. Doka ta ba ku hutu biyu na sakan 30 a kowane wasa, ku ɗauka ku yi shawara, ko ku canza wuri. Na biyu sa kuɗi. Ba wa'azi zan yi muku ba, amma babu mai gwada sabon bugu alhali jikkarsa na kan teburi, sai ya koma ga tsohon halin da aka fidda shi da shi.

Masu cewa atisaye na cin kuɗi, ku je ku daidaita da mai teburi kan lokacin da ba kowa, da hantsi ko bayan azahar. Ku cusa tsumma a bakin gida don kada ƙwallo ya faɗa ciki, ƙwallo ɗaya zai ishe ku awa guda. Waɗanda ke son a haɗa su biyu-biyu don atisayen wannan mako, su tsaya bayan an tashi mu rubuta sunaye.