Saniya Lafiya Lau, Mai Cin Namanta Kwance



A shekarar 1982 ne masana a Amurka suka gano ƙwayar cutar E. coli O157:H7, bayan da mutane suka kwanta da zawon jini saboda cin naman da bai gasu ba. Mazauninta hanjin saniya, amma saniyar ko gezau. Ashe duban idon mahauci bai wadatar ba. Da zarar kashin shanu ya taɓa nama wajen fiɗa, ko ya faɗa ƙwaryar tatsa, to, tana iya isowa Makera cikin tsire da nono. Ƙananan yara ta fi yi wa ɓarna, wani sa'i har ƙodarsu ta tsaya. Wuta ke kashe ta, saboda haka a tafasa madara kafin ta yi tsami, tsire kuma ya gasu har ciki.