Da Me A Ke Auna Gida?

Ga tambayarmu ta yau: mene ne ya ke sa a ce wannan babban gida ne, wancan kuwa ƙarami? Waɗansu sun ce abin da mai gida ya ke samu ne. Waɗansu sun ce dukiyar da ya tara. Waɗansu kuma sun ce sai a dubi inda ya fito da yadda aka rene shi. Kada ka ɗauki zancen nan da wasa, gama ran da aka zo neman auren 'yarka, da amsar da ke cikin zuciyarka za ka yanke magana.

Bari mu fara da abin samu. Ma'aikacin gwamnati a Yamai ko Damagaram yana karɓar albashi ko wane wata, mutane kuwa suna ganin girmansa. Amma a watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi. Faran ɗaya na Faransa da a ke saye sefa 50 ya koma 100. Albashi yana nan yadda ya ke a takarda, magani kuwa da sauran kayan da a ke kawowa daga waje suka yi tsada ƙwarai. To, darajar gidan ma'aikacin nan ta ragu da rabi ke nan a dare ɗaya? Ko kaɗan. Mudun da ya ke raguwa da dare, ba a awo da shi.

Dukiya fa? Ka dubi alhazan Maraɗi. A zamanin Faransawa kamfanoni suna ba 'yan kasuwa kuɗi su sayo musu gyaɗa a ƙauyuka, ta haka mutanen da ba su gaji sarauta ba suka zama manya a gari. Gaskiya ne, kuɗi suna sa a shimfiɗa wa mutum tabarma kusa da sarki. Amma farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, ciniki ya faɗi, manyan 'yan kasuwa suka juya ga safarar kaya zuwa Nijeriya. Mutanen Maraɗi da kansu suna bambanta arzikin kuɗi da arzikin mutane. Ubangida ya kan ba baransa jari, ya yi masa aure, bara kuma ya ketare iyaka da kayan ubangidansa ba takarda a tsakaninsu, sai amana. Ka gani, ko a kasuwa ma dukiya a kan hali ta ke zaune.

Saura asali, a nan kuwa ciwon ya ke. A ƙasar Hausa akwai sana'ar gado, wadda a ke kira karda, akwai kuma wadda mutum ya shiga da kansa, watau shigege. Maƙera, mahauta, wanzamai, majema da maroƙa, ko wane da matsayin da aka ajiye masa tun ba a haife shi ba. Mahauci ya kan yi kuɗi, ya gina gidan siminti, ya sa 'ya'yansa makaranta, duk da haka wani gida ya hana ɗansa aure sabo da wuƙar kakansa. Na 'ya'yan bayi ya fi wannan zafi. Faransawa sun yi dokar hana bauta a 1905. Nijar ta yi dokar hukunta mai bautar da mutum a 2003. A 2008 kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, matar da aka sayar tun tana da shekara 12. Doka tana kwance igiya, amma kalmar nan “ɗan bawa” ba ta fita daga bakin mutane sai zuciya ta sāke.

Yanzu ka rarrabe abu biyu da a kan haɗa. Asali dabam, reno dabam. Ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. Reno kuwa aikin hannun iyaye ne, ko wace rana. Yaro yana ganin ko ubansa yana cika mudu, ko yana biyan bashi, ko yana zagin uwarsa, ko baƙo yana samun tuwo a gidansu. Abin da ya gani shi za ya kai gidan da ya kafa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ɗan sarki da ba a tanƙwara ba ya kan sayar da gonar gado cikin shekara kaɗan, ɗan majemi da aka koya wa gaskiya kuwa sai ka ga unguwa duka tana kai masa ajiya.

Ka tuna kuma da waɗanda Allah ya zaɓa. Dawuda autan gidansu ne, daga wurin kiwon tumaki aka kirawo shi ya zama sarki. Yesu Almasihu a gidan masassaƙi ya tashi a Nazarat, almajiransa na fari kuwa masunta ne. Da da mudunmu aka auna su, da mun bar su a bakin ƙofa.

Sabo da haka, ɗan'uwa, in saurayi ya aiko magabatansa da goro, ka tambayi abin da ya ke samu, gama 'yarka za ta ci abinci. Amma kada ka tsaya nan, kada kuma ka kore su domin sana'ar kakansa. Ka bincika yadda ya ke riƙon uwarsa, da abin da ya ke yi in an ba shi amana, da irin maganarsa in ya yi fushi. Kai ma da ba ka da albashi, ba ka gaji rawani ba, kada ka raina gidanka. Renon 'ya'yanka yana hannunka yau da dare, sa'ad da suka kewaye akushi.

Allah ya ba mu hikimar renon abin da ya danƙa mana. Amin.