Zuciyar Uwa da Abincin Yaro Bayan Tashin Hankali

 

Kun saba in muka haɗu maganar kunu muke yi, da awon damtsen yaro, da biskit ɗin da ake ba masu tamowa. Yau zan fara da uwa kafin in zo kan yaro, kuma ga dalili.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta kawo mana ɗanta ɗan wata tara. Ma'auni ya nuna ja, aka sa shi cikin shiri, aka ba ta biskit na mako. Mako uku tana dawowa, nauyin yaro bai motsa ba. Aka duba zawo, aka duba zazzaɓin cizon sauro, ba a samu komai ba. Har wasunmu sun fara zargin sayar da biskit ɗin take yi. Da wata ƴar faɗakarwa ta bi ta gida, sai ta tarar da fiye da rabinsa ajiye cikin kwano ba a taɓa ba, uwar kuma tana zaune ta zura wa bango ido. A gabanta ƴan bindiga suka kashe maigidanta, tun daga daren nan ba ta sami barcin kirki ba. Ta ce takan buɗe ledar, sai hankalinta ya tafi, ba ta dawowa sai yaro ya gaji da kuka ya yi barci. Mun yi mata zato marar kyau, alhali ciwo ne take ɗauke da shi wanda ma'auninmu ba ya nunawa.

Irinta suna da yawa. Tun shekarar 2019 dubban mutane suka tsere daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankin Gidan Runji da Madarunfa, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 137 a rana guda a ƙauyukan Tiliya cikin jihar Tawa. Damunar 2024 ta zo da ambaliyar da ta shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Nijar, ta rusa gidaje a Maraɗi, ta kayar da tsohon masallacin Damagaram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake fama da rikici, wajen mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata lalura ta tunani.

Ga yadda abin yakan bayyana. Barci ya ƙaurace, ko a riƙa mugun mafarki. Ƙarar babur ko bugun ƙofa ta sa gaba ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. Abin da ya faru ya riƙa dawowa a ido kamar yanzu ake yin sa. Wata za ta yi ta kuka, wata ta daina magana, wata ta riƙa faɗa da kowa. Da yawa ciwon kai da ciwon jiki suke kawowa asibiti, a auna ba a ga cuta ba. Duk wannan ba hauka ba ne, kuma ba ƙarancin imani ba ne. Haka jikin ɗan Adam yake yi in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Galibin mutane sukan sami sauƙi cikin ƴan makonni in sun sami wurin kwana, da abinci, da wanda zai zauna da su. Wadda ta wuce wata guda ba sauƙi, ko abin ya hana ta kula da kanta da ɗanta, ita ce ke bukatar ganin ma'aikacin lafiya.

Yanzu maganar nono, domin a nan muke rasa yara. Sau da yawa uwa takan ce tsoro ya busar mata da nono, ko a gaya mata nonon mai baƙin ciki yana cutar da jariri. Ku saurare ni da kyau: firgita ba ta ɓata nono, kuma ba ta hana jiki yin sa. Abin da take yi shi ne ta jinkirta saukowarsa na ɗan lokaci. Tsotson jariri ne yake sa jiki ya ƙara yin nono, saboda haka in aka janye yaro aka koma ba shi ruwa ko madarar gwangwani, a nan nonon yake raguwa da gaske. Ruwan da ake samu a wurin gudun hijira ko bayan ambaliya kuwa, zawo yake kawowa, zawo kuma ya kai ga tamowa. Uwa ta sami inuwa ta zauna, ta kwantar da jariri a ƙirjinta fata da fata, ta ba shi dare da rana duk lokacin da ya nema. Wata mace ta murza mata baya da kafaɗu, ta miƙa mata hura ko kunu. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa.

Yara ma suna firgita. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, wani ya liƙe wa uwa, wani ya ƙi abinci. Kada a doke shi, kada a yi masa ɗura. A zaunar da shi a cinya, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, ana kallon idonsa ana yi masa magana. A bar shi ya yi wasa da ƴan uwansa. Yaron da ake yi wa wasa da hira ya fi saurin farfaɗowa daga tamowa, shi ya sa ake koyar da iyaye wasa da yara a cibiyoyin da ake kwantar da su.

Ku kuma ƴan faɗakarwa, aikinku uku ne: ku duba, ku saurara, ku sada. In kun shiga gida kun auna yaro, kun danna bayan ƙafarsa don duba kumburi, ku juyo ku tambayi uwar yadda ta kwana, ko ta ci wani abu, ko tana da mai taimaka mata. Kada ku matsa mata ta ba ku labarin abin da ya faru. In ta fara da kanta, ku saurara ba tare da katse ta ba. In ta yi shiru, ku zauna da ita cikin shirun. Kada ku ce mata ta manta, ko wasu sun fi ta asara. Kada ku yi alkawarin abin da ba ya hannunku. Abin da kuka ji a ɗaki amana ce, ba ya zuwa bakin rijiya.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: uwa ta ce gara ta mutu, ko tana tsoron za ta cutar da jaririnta; ta daina ci da sha; tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ta rikice bayan haihuwa. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da wuƙa daga kusa da ita, a samo mai riƙe jaririn, a raka ta cibiyar lafiya ranar. Wadda aka yi wa fyaɗe a kai ta kafin awa 72 ta cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, a haɗa su. Amma kada a ɗaure mutum, kada a doke shi da sunan fitar da iska, kuma kada a sayo tramol ko maganin barci a tebur.

Ku ma ƴan faɗakarwa mutane ne, wasunku a cikin ruwan nan kuka rasa ɗakunanku. In labaran da kuke ji sun fara hana ku barci, ku faɗa wa mai kula da aikinku, ku huta, ku riƙa tafiya bibbiyu.

Matar da na ba ku labarinta, maƙwabciyarta ce ta ɗauki zama da ita lokacin ciyar da yaro safe da yamma, ma'aikacin lafiya kuma yana ganinta. Har yanzu takan farka cikin dare, amma ɗanta ya fita daga ja, kuma da hannunta take ba shi abinci.

Abin da nake roƙo, kowace a cikinmu ta tuna da mace ɗaya a unguwarta wadda ta daina fitowa, ta leƙa ta kafin Juma'a mai zuwa. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya raya mana zuri'a.