Shugaban Aiki da Zuciyar Ma'aikata

 Darasinmu na yau a kan shugabancin aiki ne. Wataƙila gobe a zaɓe ka shugaban koperatif, ko ke a ba ki jagorancin ƙungiyar mata. Karatu da lissafi za su taimake ku. Amma shugaba yana bukatar wani ilimi kuma: sanin abin da ke zuciyar mutanensa, da iya riƙe tasa zuciyar.

Ku tuna aikin kwarin Majiya. A shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a can, tare da ƙungiyar CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Layukan sun ratsa gonakin mutane. Manomi yana tsoron itace ya ci masa gona. Makiyayi yana tsoron a hana dabbobinsa kiwo. Wanda tsoro ya sa ya ƙi aiki, in ka yi masa tsawa, ƙara nisa zai yi. In ka zauna ka saurare shi, za ka san amsar da za ta kwantar masa da hankali.

Ku tuna kuma furojen Keita. An fara shi a 1984, shekarar fari, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar FAO. Maza da yawa sun tafi ci-rani, don haka yawancin masu aikin mata ne. Suna ɗaukar duwatsu a ka, suna haƙa ramukan tare ruwa, ana biyansu da abinci. A irin wannan aiki, in mace ta makara, shugaba zai iya kunyata ta gaban jama'a. Zai kuma iya jan ta gefe ya tambaye ta. Wataƙila ɗanta ne ya kwana da zazzaɓi. Wadda aka kunyata, gobe ba za ta zo ba, ƙawayenta ma za su ja baya. Rana ɗaya ta fushi ta rage maka hannu biyar.

To, ga abu uku da za ku riƙe.

Na ɗaya: in ranka ya ɓaci, yi shiru tukuna. Magana zarar bunu ce.

Na biyu: dubi mutanenka da safe kafin ka raba aiki. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Na uku: yi yabo a gaban jama'a, yi gyara a keɓe. Haƙuri bai hana ka faɗi gaskiya ba. Wanda ya ci amanar kuɗin ƙungiya, dole a tuhume shi.

Ku tattauna da malaminku: wane shugaba kuka taɓa yi wa aiki da daɗin rai? Me yake yi? Kowa ya rubuta amsarsa cikin layi biyu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.